Wa Ke Da Ikon Cewa A Tsaya? Lamarin Sarah Polley Da Yaranmu Na Legas

A ƙarshen shekarar 1987 aka kai wata yarinya 'yar Kanada mai shekara 8 ƙasar Italiya don ta fito a wani babban fim. Sunanta Sarah Polley, fim ɗin kuwa The Adventures of Baron Munchausen ne, wanda Terry Gilliam ya ba da umarni. An ɗauki wani sashe a ɗakunan Cinecittà da ke birnin Rum, wani sashen a ƙasar Sifen. Labarin tatsuniya ne da yaƙi: an yi wa gari ƙawanya ana yi masa luguden igwa, yarinyar kuma ita ke ratsa tsakiyar wannan tashin hankali tun daga farkon fim har ƙarshensa. A wancan zamani ba kwamfuta ke zana wuta ba. In ana son a ga fashewa, nakiya ake dasawa ta gaske, a tayar da ita a gaban kyamara.

Abin da ya same ta a can ita da kanta ta rubuta shi a littafinta da ya fito a 2022. An nuna mata hanyar da za ta bi da gudu, nakiyoyi na tashi hagu da dama, aka ce mata babu abin da zai taɓa ta. Da aka fara, ƙara da hayaƙi suka ruɗa ta, ɗaukar ta lalace, ta fashe da kuka. Babanta yana wurin, ya rungume ta ya rarrashe ta, sannan aka sake ɗauka. Wata rana kuma aka sa ta cikin kwale-kwale a wani katafaren tankin ruwa, tare da manyan 'yan wasa da doki. Fashewar da aka shirya ta firgita dokin, a cikin wannan hargitsi wata nakiya ta taso ta tashi dab da ita, kunnuwanta suka toshe, aka wuce da ita asibiti. Ban da wannan akwai doguwar tsayuwa cikin ruwan sanyi, da aiki na sa'o'in da ko babba sai ya ji a jikinsa. Eric Idle, ɗaya daga cikin manyan da suka yi fim ɗin tare da ita, ya fito fili daga baya ya ce gaskiya ta faɗa, ta shiga haɗari ba sau ɗaya ba.

Wurin cike yake da manya. Akwai masu kyamara, masu wuta, masu kwalliya, akwai ubanta. Me ya hana ɗaya daga cikinsu ya ɗaga hannu ya ce a tsaya?

Dalili na farko kuɗi ne. An tsara fim ɗin a kan kimanin dala miliyan 23, kafin a gama ya lashe wajen miliyan 46. Aikin da ya kai wannan hali, kowace sa'a da aka ɓata asara ce da wani zai amsa tambaya a kanta, don haka duk wanda ya kawo maganar jinkiri ya zama abokin gaba. Dalili na biyu iyayenta ne. Michael Polley ɗan wasa ne haifaffen Ingila da ya koma aikin inshora don ya riƙe iyali, Diane Polley kuma 'yar wasa ce kuma mai zaɓo 'yan wasa. Dukansu masoyan Monty Python ne, ƙungiyar barkwancin nan ta Ingila da Gilliam ya fito daga cikinta. Samun 'yarsu a fim ɗinsa abin alfahari ne a gidan, mutum kuwa ba ya iya ɗaga murya ga wanda yake yi wa kallon gwani. Dalili na uku ya fi kama ni: yarinyar mai hankali ce. Tana da basira, tana haddace abin da aka ba ta, ta iya karanta fuskar manya ta gane abin da suke so. Yaro irin wannan ya san cewa in ya ƙi, mutum ɗari za su tsaya cirko-cirko saboda shi. Sai ya share hawaye ya ce zai iya.

An haife ta a Toronto ranar 8 ga Janairun 1979, ita ce auta. Tun tana shekara 4 ta fara tsayawa gaban kyamara. Bayan dawowarta daga Turai ta samu babban matsayi a Road to Avonlea, shirin talabijin da tashar CBC ta fara nunawa a 1990, wanda tashar Disney ta ɗauka ta watsa a Amurka. Shirin iyali ne mai sanyi, na ƙauye da tsofaffin tufafi, ya sa ta zama 'yar lelen Kanada baki ɗaya. A watan da aka fara nuna shi, kwana biyu bayan ta cika shekara 11, ciwon daji ya ɗauke mahaifiyarta. Yarinyar da take fitowa a matsayinta a shirin ita ma marainiya ce da uwarta ta rasu. Ku duba wannan da kyau: yarinya ta binne uwarta, ta koma wurin aiki inda sana'arta ita ce ta nuna maraici a fuska a daidai lokacin da aka ce a fara, ta daina a lokacin da aka ce a yanke. A cikin shekarun nan kuma aka gano ƙashin bayanta ya karkace, ta yi ta fama da abin ɗaure jiki a ƙarƙashin tufafin wasa har aka yi mata tiyata tana shekara 15.

Alamar farko da ta nuna ta fara koyon cewa a'a ta zo a 1991, lokacin yaƙin Tekun Fasha. Ta je wani bikin ba da lambobin yabo sanye da alamar zaman lafiya, manyan Disney suka nemi ta cire, ta ƙi. A 1994 ta bar shirin. A shekarar ce ta hau dandalin wasan kwaikwayo na Stratford da ke Kanada, inda tsoron fitowa gaban jama'a ya kama ta har ta gwammace ta matso da tiyatar bayanta kusa don ta samu hanyar ficewa. Ta bar makarantar sakandare ba ta gama ba, ta tsunduma harkar gwagwarmayar siyasa, a 1995 ta rasa haƙora biyu a wata zanga-zangar adawa da gwamnatin lardin Ontario.

Wanda ya kalli shirin a talabijin a shekarun nan babu abin da zai gani sai yarinya mai fara'a.

Abin da ya haɗa mu da ita

Ni malamin firamare ne a Agege, da yamma kuma ina taimakawa a wata Islamiyya ta unguwarmu. Abin da ya sa na bi diddigin rayuwar wannan mata shi ne wani ɗalibina ɗan aji huɗu, mai shekara 9. Kamar yawancin yaran Hausawa da aka haifa a nan, bakinsa uku: Hausa a gida, Yarabanci a layi, Turancin buroka a kasuwa. Ga shi da wayo, ga rashin tsoron kyamara. Irin waɗannan yaran ake nema. Masu fim na Legas, da masu tallan kaya musamman gab da azumi da Sallah, da masu gajerun bidiyon barkwanci na YouTube da TikTok, duk sukan buƙaci yaro Bahaushe, kuma matsayin da ake ba shi sananne ne: almajiri da kwano, ɗan mai gadi, yaron mai shayi. Ba sa shiga Agege ko Idi-Araba ko Obalende ko Mile 12 da kansu. Akwai samarin unguwa da suka san wani da ya san wani a Surulere ko Lekki, su ne dillalan, su ke zuwa ƙofar gida su yi sallama da uba.

Yaron ya yi fashin makaranta, da ya dawo kuma ya kifa kai a benci ya yi ta barci. Na bari aka tashi, na kira shi gefe. Na tambaye shi lafiya, ya ce, "Lafiya lau, Malam." Na ce ina ka je, ya ce lokeshan, wato wurin ɗaukar fim. A hankali labarin ya fito. An ɗauke shi kafin asuba don a tsere wa goslo a gadar Third Mainland. An kai shi wani gida can bayan Lekki, ya wuni a zaune yana jira, domin fitowarsa ta dare ce. Da dare ya yi aka kunna janareto, aka jona tiyo a tankar ruwa don a yi ruwan sama, aka ce ya ruga a guje ɗan acaba na bin sa a baya. An maimaita har ya daina ƙirgawa. Bai ga gida ba sai tsakar dare ta gota.

Na ce, "Ka ji tsoro?"

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Babur ɗin yana matsowa sosai."

"Ka gaya musu?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar da ba ta da kai. "Malam, ai manya ne."

Mahaifinsa mutumin kirki ne, mai sayar da kayan gwari a Mile 12, yana fita tun duhu. Da na same shi bayan sallar isha'i na ce, "Alhaji, wa ya raka yaron nan?" Ya ce, "Malam, ai ɗan unguwa ne ya kai shi, mun san gidansu. Kuma na tambaye shi da ya dawo, ya ce ba komai." Na yarda ya tambaya, na kuma yarda yaron ya ce ba komai. A nan matsalar take. Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu a kan kada su yi musu da babba, kada su kai ƙara, su yi kara, su haɗiye. Tarbiyya ce mai kyau a gidan da manyan cikinsa suke ƙaunar yaron. Amma in aka ɗauki wannan yaro aka ajiye shi cikin baƙi waɗanda hankalinsu na kan agogo da kuɗin hayar kyamara, ladabin nasa ya zama abin da ake amfani da shi a kansa. Muna yawan cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A daren nan yaron ne kaɗai yake jin hucin babur a bayansa, manyan kuwa allon kyamara suke kallo.

Sarah Polley ba a gidan Hausawa ta tashi ba, an ma ba ta 'yancin magana fiye da yadda mu muke ba namu, duk da haka ta kasa cewa a'a tana shekara 8. To ina ga namu?

Wasiƙa zuwa ga darakta

Ta dawo fim a hankali, a kan zaɓinta. The Sweet Hereafter na Atom Egoyan a 1997 ya nuna wa duniya cewa ta girma kuma gwana ce. Hollywood ta buɗe mata ƙofa, har aka ba ta babban matsayi a Almost Famous, ta janye ta koma gida ta yi ƙaramin fim na Kanada. A 1999 ta fara ba da umarnin gajeren fim, a 2001 ta shiga horon daraktoci a cibiyar fim ta Kanada da ke Toronto.

Sai ta ji Gilliam zai yi sabon fim, Tideland, kuma jarumar wata ƙaramar yarinya ce 'yar Kanada. Ta zauna ta rubuta masa wasiƙa, wadda jaridar Toronto Star ta buga tare da amsarsa a 2005. Ta gaya masa yadda ta rayu cikin firgici a fim ɗinsa, ta roƙe shi ya sa ido a kan wannan yarinyar, kada ya dogara da cewa ta ce tana jin daɗi, kada kuma ya dogara da iyayenta. A amsarsa ya nuna bai san abin ya kai haka ba, ya kuma yi tambaya ko wasu wuraren da take tunawa ba wanda ke tsaya mata a fitowa mai haɗari ne ya yi su ba.

Abin lura a wasiƙar shi ne inda ta ajiye laifi. A lokacin iyayenta ta ɗora wa, ta ce su ne ya kamata su kare ta, shi kuwa ta kusan wanke shi. Sai bayan shekaru, a littafin 2022, ta sake duba wannan hukunci nata. Ta ce ta yi masa sassauci ne saboda ita ma ta sha tatsuniyar da masana'antar ke shayar da kowa, cewa darakta mai baiwa mahaukaci ne da ba a yi masa hisabi, ɓarnar da ya yi kuɗin baiwarsa ce. A ganina wannan gyara da ta yi wa kanta shi ne zuciyar lamarin. In aka ce laifin iyaye ne kaɗai, an sauke nauyi daga kan wanda ya dasa nakiya, wanda ya tsara sa'o'in aiki, wanda zai ci ribar fim. In kuma aka ce laifin darakta ne kaɗai, an manta cewa akwai uba a tsaye a wurin. Gaskiyar ita ce uban da ke jin nauyin darakta, ko yake buƙatar kuɗin, ko yake tsoron a ce ɗansa ya ɓata aiki, ba zai iya zama shi kaɗai ne katangar yaro ba. Alhaji na Mile 12 bai taɓa jin sunan Monty Python ba, amma shi ma yana jin nauyin ɗan unguwar da ya kawo alheri har ƙofar gida.

Fim ɗinta na farko mai tsawo, Away from Her, ya fito a 2006 tana da shekara 27. Daga wani gajeren labari na Alice Munro ta ciro shi, labarin tsofaffin ma'aurata da cutar mantuwa ta shiga tsakaninsu. Ya kai ta takarar lambar yabo ta Oscar a fannin rubutu, ya kai Julie Christie takarar jaruma. Ta yi Take This Waltz a 2011, sannan Stories We Tell a 2012, inda ta juya kyamara kan danginta tana tambayar kowa wace ce mahaifiyarta, har da bayanin da ya fito cewa Michael da ya raine ta ba shi ya haife ta ba. Daga nan ta yi shekara goma ba ta ba da umarnin dogon fim ba. Haihuwa ta zo, 'ya'ya uku. A 2015 kuma tukunyar kashe gobara ta faɗo mata a ka, ta yi fiye da shekara uku tana fama da ciwon kai da ruɗewa kafin wani likita a birnin Pittsburgh na Amurka ya samo kanta.

Da aka kawo mata Women Talking, littafin Miriam Toews na 2018, ta so ta rubuta shi kawai ta miƙa wa wani, don ta san yadda ake ɗaukar fim: a fita kafin yara su tashi, a dawo sun yi barci, wata da watanni. Masu shirya fim ɗin, Frances McDormand da Dede Gardner, suka ce a sauya tsarin aikin maimakon a sauya darakta. Aka taƙaita aikin yini zuwa wajen sa'a goma don ma'aikata su koma gida su ga iyalinsu. Labarin mai nauyi ne, ya samo asali daga abin da ya faru a wata al'ummar Kiristoci 'yan Mennonite a Boliviya tsakanin 2005 da 2009, inda wasu maza suka riƙa sa wa mata da 'yan mata maganin gusar da hankali da dare suna keta musu haddi. Saboda haka aka ajiye ƙwararriyar mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a wurin ɗauka, aka kuma kafa ƙa'ida cewa wanda abin ya yi wa yawa yana iya neman a dakata. An ɗauki fim ɗin a 2021, ya fito a 2022, ranar 12 ga Maris 2023 ta karɓi Oscar na rubutun da aka ciro daga littafi, fim ɗin kuma yana cikin waɗanda suka yi takarar gwarzon shekara.

Wannan ya rushe hujjar da aka yi ta kafawa da ita tun tana ƙarama, wai fim mai kyau ba ya samuwa sai an wahalar da mutane. An yi aikin cikin mutunci, an gama, ya ci lambar da babu ta sama da ita a sana'ar.

Doka, da inda ba ta kai ba

Ba kowane yaron fim ne ya fito da tabo ba. Ron Howard, haifaffen 1954, ya yi shekara takwas daga 1960 zuwa 1968 yana fitowa a The Andy Griffith Show, ya ba da umarnin fim ɗinsa na farko a 1977, ya ci Oscar na darakta a 2002, kuma har yau da alheri yake tuna ƙuruciyarsa. Mahaifinsa Rance ɗan wasa ne, yana tare da shi a wurin aiki, yana yi masa bayanin abin da ake ciki, ya bar shi a makarantar gwamnati tare da sauran yara, iyayen kuma suka adana masa mafi yawan kuɗinsa. Iyayen Polley ma 'yan sana'ar ne, don haka sanin sana'a kaɗai bai wadatar ba. Bambancin shi ne Rance ya ɗauki tsaron ɗansa a matsayin aikinsa na farko. Sai dai ba za a gina makomar yara a kan sa'ar samun irin wannan uba ba, shi ya sa aka yi dokoki, kuma kusan kowacce sai da wani yaro ya cutu kafin a rubuta ta.

Jackie Coogan ya fito tare da Charlie Chaplin a 1921, ya tara miliyoyin daloli yana yaro. Da ya girma ya tarar uwarsa da mijinta sun cinye, ya kai su kotu a 1938, abin da ya samu bai wuce dala 126,000 ba. A 1939 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ake kira da sunansa, wadda a yau ta wajabta a ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin yaro a asusun da ba mai taɓawa sai ya girma. Ranar 23 ga Yulin 1982, da tsakar dare, jirgi mai saukar ungulu ya faɗo a wurin ɗaukar fim ɗin Twilight Zone a Kalifoniya bayan an tayar da nakiyoyi, ya kashe ɗan wasa Vic Morrow da yara biyu, mai shekara 7 da mai shekara 6, waɗanda aka ɗauka aiki ba tare da izinin hukuma ba. Kotu ta wanke daraktan da mutum huɗu a 1987, 'yan watanni kafin a sa Sarah Polley gudu cikin wuta. Lardinta na Ontario sai a 2015 ya yi dokar kare yara masu wasa, wadda ta ƙayyade sa'o'in aiki, ta wajabta rakiyar iyaye ko wakilinsu da ci gaban karatu, ta kuma ce a ware kashi 25 cikin ɗari in kuɗin yaro a aiki ɗaya ya haura dala 2,000 ta Kanada.

Mu a nan muna da Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003, jihar Legas ta yi tata a 2007, Dokar Ƙwadago kuma ta hana ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara 12 aiki sai ƙaramin aiki na cikin iyali, ta kuma taƙaita aikin dare ga matasa. Dokoki ne da aka rubuta da tunanin aikatau da talla da masana'antu, ba a yi su don lokeshan ba. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa da aka kafa a 1993, da ta jihar Kano ta 2001, abin da ya fito a allo suka fi dubawa. Ana iya yanke fitowa saboda tufafi ko kalma, amma allo ba ya nuna ƙarfe nawa yaron ya kwanta, ko ya ci abinci, ko nawa ne ya isa hannun ubansa bayan dillali ya cire nasa.

Ba ina cewa a hana yara wasa ba ne. Mu da muka tashi muna tashe daga goma ga azumi mun san daɗin kwaikwayo, mun san yadda yake buɗe bakin yaro mai kunya. Maƙwabtanmu Yarabawa ma haka suka gina sana'arsu, tawagar Hubert Ogunde da iyalinsa take yawo gari gari. Amma ɗan tashe a layinsu yake, cikin waɗanda suka san uwarsa, in ya gaji ya koma gida. Ɗan tawagar gado kuma a gaban ubansa yake aiki. Yaron da aka ɗauka daga Agege zuwa bayan Lekki bai san hanyar dawowa ba, ba shi da kuɗin danfo, ba shi da waya, wanda ya kawo shi kuma sai an gama ɗauka zai karɓi sallamarsa. Duk wanda ke wurin yana da dalilin son a ci gaba.

Ba a daɗe ba ɗan unguwar ya dawo, ya ce ana son yaron a kashi na biyu. Wannan karon Alhaji ya ce sai ya yi shawara, ya kira ni da ƙanin matarsa muka zauna. Muka tsaya a kan cewa kawun ne zai raka shi ya zauna inda idonsa ke kansa, kuma shi kawun ba ya cikin rabon kuɗin, don kada bakinsa ya yi nauyi. Za a faɗa mana abin da yaron zai yi tun kafin ya bar gida, abin da ba a faɗa ba kuwa ba zai yi ba. Ranar makaranta babu fita. Kuɗi ta asusun banki za a turo kai tsaye daga furodusa, a bar rabi ba a taɓa ba. Magariba ta yi masa a hanyar gida. Na kuma zaunar da yaron a gaban mahaifinsa, Alhaji da bakinsa ya ce masa, "In ka ji tsoro ka faɗa wa Kawu. Ba rashin kunya ba ne, ni na sa ka." Ina ganin wannan izini daga bakin uba ya fi duk sauran sharuɗɗan amfani, domin yaro Bahaushe ba zai ƙi umarnin babba ba sai wani babban da ya fi shi ya ba shi dama.

Furodusan ya yarda da rakiya, ya yarda da asusu, ya yarda da Asabar da Lahadi. Maganar dare ce ya ce ba zai iya ba, don fitowar ta dare ce kuma ya riga ya biya hayar gidan. Alhaji ya ce to a bari. Ba abu ne mai sauƙi a gare shi ba, kuɗin da aka ambata ya fi ribar kwanaki a kasuwa, yaron ma ya yi kuka don yana son zuwa. A makon suka ɗauki wani yaro daga Idi-Araba ta hannun dillalin nan dai. Saboda haka muka rubuta sharuɗɗan a takarda ɗaya, da boko da ajami, muka raba wa iyaye a taron Islamiyya, muka ba limaminmu kwafi ya duba ko zai taɓo maganar a huɗuba. Kawun yaron ya ɗauki nauyin kai wa malaman Idi-Araba da na Mile 12, ni kuma zan nemi ganin fadar Sarkin Hausawan Agege da ita bayan hutun zango.